Madubin hangen taurari: in hoto ya ƙi fitowa sarai

Madubin hangen taurari irin na Newton yana da ɗan bututu a gefe, inda ake saka gilashin ido. Shi ake murzawa ciki da waje har wata ya fito sarai. Mai araha yana da haƙora, yana rawa, kana dab da samun hoto sai ya gushe.

Shi ya sa masu sha'awar abin ke musanya shi da samfurin Crayford, wanda John Wall ya ƙirƙiro a Ingila. Babu haƙora, sandar ƙarfe ce ke tura bututun sannu-sannu.

Kafin ka saya, duba faɗin gilashin idonka, milimita 31,75 ne ko 50,8. Auna tsawon bututun ma: in ya zarce, hoto ba zai daidaita ba. Bayan ka ɗaura, sake saita madubai biyun.