Fom ɗin Kansila na Miliyan Biyar: Yadda Ake Tare Ƙananan Jam'iyyu Tun Daga Bakin Ƙofa

Gabanin zaɓen ƙananan hukumomi na ranar 26 ga Oktoba, 2024, hukumar zaɓe ta jihar Kano, KANSIEC, ta yanka wa fom ɗin takarar ciyaman naira miliyan 10, na kansila kuma miliyan 5. Wasu ƙananan jam'iyyu suka garzaya Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja, kotu ta dakatar da karɓar wannan kuɗi. Sai hukumar ta yi ragi: ciyaman miliyan 9, kansila miliyan 4. Wato dai an cire miliyan ɗaya-ɗaya, aka ce an saurari koke.

A yi lissafi. Kano na da ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484. Jam'iyyar da ke son tsayar da ɗan takara a kowace kujera, ko a kan farashin ragin, sai ta zube fiye da naira biliyan 2 da miliyan 300 kafin ta buga fosta ko guda. A shekarar ne aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, don haka ƙaramin ma'aikacin da ke sha'awar wakiltar unguwarsu sai ya tara albashinsa na kusan shekara biyar, bai ci ba bai sha ba, sannan ya iya sayen takarda. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, Dokar Zaɓe ta 2022 ta ƙayyade cewa ɗan takarar kansila a Abuja kada ya kashe fiye da miliyan 5 a yaƙin neman zaɓensa gaba ɗaya. Abin da doka ta ɗauka a matsayin iyakar kashe kuɗi a can, shi ne kuɗin shiga da aka fara yankawa a nan.

Mai karatu zai iya cewa, to mutum ya tsaya da ƙafarsa mana, ba sai da jam'iyya ba. Wannan hanyar a toshe take. Sashe na 221 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana kowace ƙungiya nemar wa ɗan takara ƙuri'a in ba jam'iyyar siyasa ba ce, kuma an sha kai ƙudurin ba wa 'yan indifenda dama gaban Majalisar Tarayya amma bai kai ga zama doka ba. Ko a takardar ƙuri'a, sunan mutum ba ya fitowa, tambarin jam'iyya ne kawai ake dangwala wa yatsa. Dattawa za su tuna cewa ba haka aka faro ba: zaɓen ƙananan hukumomi na 1976 da na 1987 an yi su ne babu jam'iyyu, kowa da sunansa da mutuncinsa a idon mutanen gari.

Saboda haka malamin makaranta ko mai shagon da jama'ar unguwa suka ce "fito mu yi ka" yana da hanya biyu. Ko dai ya bi layi a jam'iyya mai mulki, inda galibi ba a zaɓen fid da gwani sai "maslaha", wato a zauna a ɗaki a rubuto sunan wanda manya suke so, ko kuma ya nemi wata ƙaramar jam'iyya ta ara masa tuta. In ya ɗauki ta biyu, zai tarar ofishinta na jiha wani lokacin shago ɗaya ne da benci da hoton shugaba a bango, kuma ita ma tana jiran ya biya ta nata kuɗin fom kafin a zo ga na hukuma. Daga nan sai zirga-zirgar takardu: shaidar makaranta, shaidar biyan haraji, masu tsaya masa daga mazaɓa, a Kano har da gwajin ƙwaya a wurin hukumar NDLEA. Ba na ƙin waɗannan sharuɗɗa, wanda zai riƙe amanar jama'a ya kamata a tantance shi. Kuɗin ne ba ya tantance komai sai nauyin aljihu.

Me ya sa ƙananan jam'iyyu ke nacewa a kan kujerar da wasu ke rainawa? Domin ransu a kanta yake. Gyaran da aka yi wa kundin tsarin mulki, wanda ya shigo da sashe na 225A, ya ba hukumar zaɓe ta ƙasa, INEC, ikon soke rajistar jam'iyyar da ta kasa taɓuka abin kirki a zaɓe, kuma mafi sauƙin abin da zai cece ta shi ne ta ci ko da kujerar kansila ɗaya. A zaɓen 2019 jam'iyyu 91 ne ke da rajista, 73 suka tsayar da ɗan takarar shugaban ƙasa, takardar ƙuri'a ta yi tsawon da sai an naɗe ta an sake naɗewa. Ranar 6 ga Fabrairu, 2020, INEC ta soke 74 a tashi ɗaya, daga baya Kotun Ƙoli ta tabbatar mata da wannan iko. To ga tarkon: INEC ce ke yanke hukuncin rai ko mutuwa, amma ba ita ke shirya zaɓen kansila a jihohi ba. Wannan aikin hukumomin zaɓe na jihohi ne, waɗanda gwamna ke naɗa shugabanninsu, majalisar jiha ta amince, kuma daga baitulmalin jiha ake ba su kuɗin aiki.

Sakamakon kowa ya san shi tun kafin a kai akwati. A Janairun 2021 APC ta lashe duk ƙananan hukumomin Kano 44. A 2024 NNPP ta lashe 44 ɗin da kansiloli 484, babu ko ɗaya da ya zame. A Kaduna, cikin watan Oktoban 2024, APC ta kwashe 23 cikin 23. Ba halin jam'iyya ɗaya ba ne, duk wadda ta hau haka take yi. Ita kanta NNPP, kafin Sanata Rabi'u Musa Kwankwaso ya shige ta a 2022, tana cikin ƙananan da ake tarewa a bakin ƙofa.

Akwai wuraren da ƙananan jam'iyyu suka yi nasara a 2024, amma sai an duba da kyau. A Ribas, jam'iyyar APP ta ci 22 cikin 23, saboda magoya bayan Gwamna Siminalayi Fubara sun koma cikinta bayan rikici ya raba su da ragamar PDP a jihar, zaɓen da Kotun Ƙoli ta rushe a Fabrairun 2025. A Abiya, inda gwamnan ɗan jam'iyyar Leba ne mai fama da rikicin shugabanci, ZLP ta ci 15 cikin 17, YPP ta ɗauki 2. Wannan ba ƙarfin ƙaramar jam'iyya ba ne, aron riga ne.

A kwatanta da Abuja, wuri ɗaya tilo da INEC ke shirya zaɓen ƙananan hukumomi, ba ta kuma sayar wa 'yan takara fom. A 2016 APGA ta ci Gwagwalada. A 2022 aka yi raba daidai, APC 3, PDP 3, har da ƙaramar hukumar da fadar shugaban ƙasa ke cikinta ta tafi hannun 'yan adawa. INEC na da nata laifuffukan, ba kaɗan ba, amma a can aƙalla sai an ƙirga ake sanin wanda ya ci.

Mu a Arewa bai kamata mu ɗauki wannan magana da wasa ba. NEPU da aka kafa a Kano a 1950 ƙaramar jam'iyya ce a gaban NPC, ta teloli da 'yan koli da malaman zaure, kuma ita ta koya wa talaka cewa zai iya ɗaga murya a gaban hakimi. Ƙarar da ta buɗe ƙofar rajistar jam'iyyu a 2002, lokacin da Kotun Ƙoli ta rushe yawancin sharuɗɗan da INEC ta gindaya, sunan Alhaji Balarabe Musa na PRP take ɗauke da shi, da Gani Fawehinmi a matsayin lauya. Da a zamanin Malam Aminu Kano ana neman miliyoyi kafin a tsaya takara, da wuya mu ji labarin 'yan sawaba.

Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli, 2024 cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, kuma kantomomin riƙo haramtattu ne, kujerun nan sun ƙara daraja, shi ya sa aka ƙara tsaurara tsaron ƙofarsu. Masu cewa a miƙa wa INEC zaɓen baki ɗaya sai sun jira gyaran kundin tsarin mulki, wanda ke buƙatar amincewar majalisun jihohi 24, majalisun da gwamnoni ke juyawa. Amma kuɗin fom ba ya buƙatar wannan doguwar hanya, doka ce ta jiha za ta iya ƙayyade shi. Duk ɗan majalisar jiha da ya zo neman ƙuri'arku, ku tambaye shi nawa ne fom ɗin kansila a jiharku, kuma me ya yi a kai.