Ina 'Ya'yan Ungulu Ke Zuwa Kafin Su Yi Sheƙa?

Dattawan Kankiya da Kusada a jihar Katsina ba su manta da zamanin da ungulaye ke cika bakin kwata ranar kasuwa ba, suna jiran mahauta su gama fiɗa. Yau akan yi wata da watanni ba a ga ko guda ba. Tun 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya wannan ungulu ta cikin gari a jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa.

Ungulu ba ta da yawan haihuwa. Ƙwai ɗaya tak take yi a shekara, ɗan kuma yakan kai shekara biyar kafin ya yi tasa sheƙar. Duk tsawon wannan lokaci yawo yake yi.

Abinci ne kan gaba wajen yanke masa nisan tafiya. Mai kalaci a kwata da juji ba ya nisa da gari, amma mai dogaro da mushen daji sai ya bi garke duk inda ya nufa. Sai wurin sheƙa: ta gari dogon itace take so, irin su rimi, kuka da giginya, ungulun Masar kuwa sai kogon dutse. Bincike a kan ungulun Masar a ƙasar Sifen ya nuna mata sun fi maza nisa, kuma wanda aka ƙyanƙyashe inda ungulaye suka yi ƙaranci ya fi nausawa, domin inda 'yan'uwansa suka taru yake nema. Ke nan garin da ya rasa yawancin ungulayensa, mai yiwuwa 'ya'yan ragowar ma su bar shi.

Hanyar kuwa cike take da haɗari. A 2013 masana suka ɗaura wa wani ɗan ungulun Masar mai suna Paschalis na'urar bin sawu a dajin Dadia na ƙasar Girka. Ya haye Bahar Rum, ya ƙetare Sahara, ya sauka a kudancin Nijar. Farkon 2014 wani maharbi ya kashe shi a can Nijar don masu sayen sassan ungulu a Najeriya, bai ko cika shekara ba.

Shi ya sa Gidauniyar kare muhalli ta Najeriya, NCF, ke zama da masu maganin gargajiya a Arewa, tana jan hankalinsu su bar sassan ungulu su koma ga itatuwa da saiwoyi. A karkarar Katsina kuwa, abin da ya kamata shi ne daina zuba wa mushe guba, da barin manyan itatuwan gona a tsaye.