Samson da Delila a Kan Katako da Jan Ƙarfe

Wajen shekarar 1497, Albrecht Dürer na Nuremberg a Jamus ya zana Samson, gwarzon Baibul, ya danne zaki yana ɓare masa baki da hannu. A kan katako aka sassaƙa zanen. A shafa tawada, a danna takarda, hoto ya fito.

Lucas van Leyden na Holan kuwa, cin amanar da Delila ta yi wa Samson ce ta ja hankalinsa. Wajen 1507 ya zana ta a farantin jan ƙarfe: gwarzo na barci a cinyar Delila, Filistiyawa sun laɓe da makamai. Abin tausayi ne ƙwarai. A Littafin Mahukunta na Baibul, wani mutum Delila ta kira ya aske wa Samson gashi, amma Lucas ya damƙa almakashin a hannunta.