Haɗa Wayar Kwamfuta: Abin da Ya Kamata Ma'aikaci Ya Kiyaye

A ofisoshi da asibitoci da cibiyoyin jarrabawa, sau da yawa akan ɗora wa kwamfuta laifin nawa ko yankewar aiki, alhali kuwa laifin yana jikin wayar da ta haɗa ta da 'yan'uwanta.

In aka feɗe rigar wannan waya, za a tarar da silin jan ƙarfe 8, an tufke su biyu-biyu kamar igiya. Tufka huɗu ke nan: ruwan lemo, da kore, da shuɗi, da ruwan ƙasa, kowane launi tare da abokinsa fari mai ratsin launin. Tufkar nan ita ce ƙashin bayan aikin. Wutar da ke gudana a wayoyin lantarki na kusa takan jefa hayaniya cikin saƙo, amma da yake silin biyu suna nannaɗe da juna, hayaniyar takan same su daidai wa daida. Na'urar da ke karɓa kuwa bambancin da ke tsakaninsu kaɗai take karantawa, sai hayaniyar ta faɗi. Dabarar ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba, domin Alexander Graham Bell ne ya yi rajistarta a 1881 saboda wayar tarho.

Don haka wanda zai sa wa waya kai, wato filogin RJ45, kada ya warware tufkar fiye da milimita 13. Jeri biyu aka amince da su, T568A da T568B. A na biyun, in aka riƙe filogin bakinsa na sama, maƙallinsa na baya, za a fara daga hagu da fari mai lemo, sai lemo, sai fari mai kore, sai shuɗi, sai fari mai shuɗi, sai kore, sai fari mai ruwan ƙasa, sannan ruwan ƙasa. A lura, koren nan an raba shi da abokinsa, shuɗi biyu sun shiga tsakani. A nan ne masu koyo suka fi tuntuɓe. Wani yakan jera launukan yadda ya ga dama, yana cewa ai muddin kai biyun sun yi daidai shi ke nan. Ƙaramar na'urar gwaji ma za ta haska fitilunta takwas ta ba shi gaskiya, amma saƙo ya riga ya rabu tsakanin tufka biyu, aiki zai yi ta tafiyar hawainiya. Jerin da aka zaɓa, shi za a bi a ginin duka.

Tsawon waya daga kwamfuta zuwa akwatin rarraba layi kada ya wuce mita 100. Kada a cusa ta bututu ɗaya da wayar lantarki, kada kuma a lanƙwasa ta da ƙarfi ko a danne ta da ƙusa.

Sai batun saye. Akwai wayoyi a kasuwa waɗanda cikinsu alminiyam ne, an yi masa fatar jan ƙarfe. Arahar su takan ja hankalin ɗan kwangila, amma suna saurin karyewa, suna kuma yin zafi in aka bi da wuta ta cikinsu zuwa kyamarar tsaro. Ma'aikacin da zai karɓi aiki ya kankare sili ɗaya da wuƙa tun bai sa hannu a takardar biya ba. In fari ya bayyana a ƙarƙashin ja, a mayar wa mai ita.