Wanda Babur Ya Karya, Ya Sake Hawa Ko Ya Haƙura?

Ina birnin Guangzhou na ƙasar Sin, wanda Turawa suka daɗe suna kira Kanton. Wannan shi ne zuwana na biyu. Da na sake ganin kaina a bakin titin Huanshi, inda na fara tunanin komawa kan babur, sai na ga ya kamata in rubuto muku labarin. Na san akwai gidaje da yawa a Aboabo da Asawase da Sabon Zango inda ake irin ja-in-jar da muka yi a gidanmu, watau yaro ya faɗi a babur, Allah Ya tashe shi, yana so ya koma, iyaye sun ce a'a.

YADDA ABIN YA FARU

Sana'ata sayar da kayan gyaran babur, a shagon yayana da ke Magazin ta Suame a Kumasi. Shi ke zaman shago, ni ke kai wa makanikai kaya, wani lokaci har ƙauyuka. Ran nan da magariba ina komowa gida, ina sauri in sami jam'i, sai wata mota da ke zuwa ta gabana ta karya hagu, ta shiga hanyata. Mai motar ya rantse bai gan ni ba. Na kuwa gaskata shi, don fitilata ta kwana uku da mutuwa, kullum ina cewa gobe na gyara. Ku dubi abin kunya, mai sayar da ƙwan fitila yana yawo a duhu! Hular kwano tana kaina, amma ban ɗaure igiyarta ba, saboda haka kafin in kai ƙasa ta riga ni tafiya.

Ƙashin cinyata ta dama ya karye, kaina ya fashe, na kwana biyu ban san inda nake ba. Likitoci suka sa mini ƙarfe a cikin ƙashin, na yi wata biyar ina dogara sanduna. Tsohuwata ta shimfiɗa tabarma a barandar asibiti, ba ta kwana gida ba sai da aka sallame ni. Matata ta sayar da keken ɗinkinta aka biya magani, ban ma sani ba sai daga baya.

Da na fara takawa, aka tara ni a tsakar gida, da kawuna da yayana. Tsohuwa ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, in dai ni na haife ka, ban yarda ka ƙara ɗora ƙafarka a kan ƙarfen nan ba." Na ce, "To, Mma." Me zan ce ban da haka? Amma a zuci ina lissafin cinikin da ke sulalewa. Makaniki ba ya jiran wanda zai zo da tiro-tiro, kuɗin hayar aboboya kuwa yana cinye ribar. Yayana ya ga na rame da tunani, sai ya ce in raka shi saro kaya a Sin, ko na sami abin da zai ɗauke mini hankali.

TITIN DA BA A JIN ƘARAR BABUR

Ma'anar Huanshi Lu ita ce titin da ya kewaye gari. Dogo ne ƙwarai, an raba shi uku, yamma da tsakiya da gabas. A yamma tsohuwar tashar jirgin ƙasa take, a gabas akwai manyan otel-otel, a tsakiya kuwa unguwar Xiaobei, wadda ta zama kamar zangon baƙar fata a wannan birni. Nan dogon benen Tianxiu yake, inda fataken Mali da Gini da Nijar da Gana suka daɗe suna ciniki. Ran Juma'a sai ka ga jama'armu sun nufi masallacin da mutanen garin ke dangantawa da Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, ba shi da nisa da titin.

Na kwana biyu ina jin wani abu ya ɓace a kunnena, ban gane ko mene ne ba. A rana ta uku ina tsaye a kan gadar masu tafiya ƙasa da ke gaban Tianxiu, sai na farga, ashe ƙarar babur ce babu! Ga motoci a ƙasa, ga wasu a kan titin sama, amma ko babur mai fetur ɗaya ban gani ba. Dalili kuwa shi ne, tun ran 1 ga Janairu 2007 hukumar birnin ta hana hawansa a cikin gari, saboda yawan haɗari da hayaƙi, da kuma ɓarayin da ke fizge wa mutane jaka a guje. Abin mamaki, wannan lardi na Guangdong yana cikin manyan wuraren ƙera babur a duniya. Haojue ɗin da muke hawa, a garin Jiangmen na wannan lardi ake yinsa. Suna ƙerawa su aiko mana, su kuwa sun kore shi daga tsakiyar birninsu.

Da farko na ce a raina, to, ga hujjar Mma nan. Amma da na ƙara dubawa sai na ga ba su hana ba sai da suka tanadi madadi. Jirgin ƙarƙashin ƙasa ya fara aiki a birnin tun 1997, layi na 5 da ke bin titin Huanshi aka buɗe shi a Disamba 2009, yana da tasha a Xiaobei. Ga manyan bas-bas ko'ina. Duk da haka ƙananan babura masu lantarki sun cika gari, masu kai abinci da saƙo suna ta zirga-zirga a kansu, don talaka ba ya rabuwa da taya biyu. Ko a Kano, da aka hana acaɓa a Janairu 2013, a-daidaita-sahu ne ya tare gurbin. Mu fa a Suame, me zai tare mini gurbin babur?

MAGANAR WANI DATTIJO

Wani dare muna cin tuwo a wani gidan abinci na Xiaobei, na kwashe labarina na gaya wa wani dattijo, bafataken Maraɗi, ina ta jero hujjojin da zan kai wa tsohuwa. Ya saurara har na gama, sa'an nan ya ce, "Yaro, kana shirin cin uwarka da gardama ke nan? Ita ta ga kanka a fashe, kai ba ka gani ba, kana sume. Tsoron nan nata bashi ne a kanka. Ka je ka biya shi, sa'an nan ka roƙi izini."

Maganar nan ta hana ni barci. Na gane ban taɓa zama na faɗa wa mutanen gidanmu gaskiyar laifina ba. Kowa ya ce ƙaddara ce, ni ma na laɓe a nan. Ƙaddara gaskiya ce, amma ba ita ta hana ni sa ƙwan fitila ba.

Kashegari muka tafi kasuwar kayan babur da ke gundumar Baiyun. Wani mai shago ya ɗauko huluna biyu masu kama ɗaya, ya juya mini cikinsu. Guda roba ce kurum da ɗan ƙyalle. Ɗayar tana da farin soso mai tauri, kaurinsa ya kai yatsa biyu. Sosan nan shi ne hular. Shi ke murƙushewa ya shanye bugun maimakon ƙwaƙwalwa, shi ya sa hular da ta taɓa shan bugu mai ƙarfi ta gama aikinta, ko da ba a ga tsaga a bayanta ba. Tagari takan zo da tambarin gwaji, na Sin CCC, na Turai kuwa harafin E a cikin da'ira. Na tuna irin ta farkon muke sarowa, don ita ke da araha. Kunya ta kama ni.

Yaɗuwar hular nan ma daga haɗari ne. A Mayu 1935 wani sanannen sojan Ingila, T. E. Lawrence, wanda ya yi suna a yaƙin ƙasar Larabawa, ya faɗi a babur ya bugu a ka, bayan kwana shida ya mutu. Ɗaya daga cikin likitocin da suka duba shi, Hugh Cairns, ya duƙufa binciken raunin kai, har a 1941 rundunar sojan Ingila ta tilasta wa masu hawan babur ɗinta sa hula. A 2008 masana suka tattara bincike-binciken da aka yi, suka ga hula tana rage haɗarin mutuwa da wajen kashi 42 cikin 100, raunin kai kuma da wajen kashi 69. Amma fa sai an ɗaure ta.

Akwai kuma labarin da ya ƙarfafa mini zuciya, don ƙafarmu ɗaya da mai shi. Mick Doohan, ɗan tseren babur mutumin Ostareliya, ya karya ƙafar dama a filin Assen na ƙasar Holan a 1992, saura kaɗan a yanke ta. Ya koma tsere, amma ƙafar ta kasa taka birki, sai aka yi masa birkin baya wanda yake dannawa da babban yatsan hannu. Da haka ya ci gasar duniya sau 5 a jere, daga 1994 zuwa 1998. Da ya sake karyewa a 1999 sai ya ajiye. Abin da na ɗauka a nan biyu ne: bai koma yadda yake dā ba, sai da ya sake shiri, kuma ya san ranar bari.

SHARUƊƊAN DA NA KAI GIDA

Da muka koma Kumasi na sami kawu, na roƙe shi ya sake tara mu. Na durƙusa na faɗi zancen fitila da na igiyar hula. Matata ta yi kuka, don ba ta taɓa ji ba. Sa'an nan na jero alkawarina.

Na fari, ba zan hau ba sai likita ya ɗauki hoton ƙashin ya ce ya haɗe, sai kuma na iya tsayawa da ƙafar dama ita kaɗai, don ita ke taka birkin baya. Na biyu, hula tagari a ɗaure, ni da duk wanda na goya, kamar yadda dokar hanya ta Gana ta 2004 ta ce. Na uku, babu hawa bayan magariba, babu hawa cikin ruwa. Na huɗu, ba zan wuce kilomita 50 a cikin gari ba. Mai gudun kilomita 60 yana cin wajen mita 17 a daƙiƙa guda, tun bai taɓa birki ba, in kuwa ka ninka gudu biyu, nisan da birki zai tsai da kai ya ninku huɗu. Na biyar, lasin da inshora su zama a aljihuna, fitila a kunne ko da rana, kowace safiya in duba birki da taya. Na shida, mabuɗi na biyu yana hannun Mma. Ranar da wani ya gan ni na karya ɗaya daga cikin waɗannan, in kawo mata nawa ba gardama.

Kada ku ce nan take ta yarda. Ta yi wata uku ba ta ce uffan ba, ni kuma ban matsa ba. A cikin watannin nan na fanso keken ɗinkin matata. Da Mma ta dage a kan a'a, da na haƙura, don ba cinikin da ya kai albarkar uwa. Wata safiya na je gaishe ta, sai ta ce, "Ban ce ina so ba. Amma na ga ka yi hankali. Je ka, Allah Ya tsare." Na ce, "Amin, Mma, na gode."

Ranar farko, bayan asuba, a filin wata makaranta na hau. Ni da na shekara goma sha biyu a kan babur, sai ga hannuna yana zufa, gabana yana faɗuwa. Na yi mako biyu ina kewaya filin, ina koyon taka birki kamar sabon shiga. Mararrabar da na faɗi kuwa na daɗe ina kauce mata. Sai da na fara zuwa da ƙafa na tsaya na dube ta, sa'an nan na bi ta a babur, yayana yana biye da ni. Yau shekara guda ke nan, mabuɗina yana hannuna. Har yanzu in la'asar ta yi sanyi Mma takan fito ƙofar gida ta zauna, wai tana shan iska. Ni na san abin da take jira.

ABIN DA NAKE ROƘO

Ku samari da Allah Ya tasa daga faɗuwa, kada ku saci hawa a ɓoye. Wanda ke hawa a ɓoye yakan bar hula a gida don kada a gane shi, ya bi lungu, ya yi sauri. Ku iyaye kuma, ku duba ko yaron yana da wata hanyar abinci. In babu, sharaɗi mai ƙarfi ya fi hanin da za a karya a bayan idonku. Akwai kuma wanda bai kamata ya koma ba ko kusa, kamar mai jiri, ko wanda ganinsa ya ragu, ko mai farfaɗiya bayan bugun kai. Irin wannan jama'a su taimaka masa da jarin wata sana'a, ba abin kunya ba ne.

Ga shugabannin ƙungiya kuwa, ina ba da shawara a riƙa saro hula tagari da yawa, a ba samari su biya kaɗan-kaɗan. Mu dai a shagonmu mun daina sayar da ta roba. A kayan da na ɗaure jiya akwai kwali goma na mai soso, ribarta ba ta kai ta waccan ba, amma na fi samun barci.

Allah Ya kiyaye mana hanya, Ya saka wa iyayenmu da alheri. Sai na komo.