Auren Mijin Landan

A littattafanmu na soyayya, ni ma ban cire kaina ba, da an ɗaura wa yarinya aure da saurayi mazaunin Ingila, sai ki ga amarya ta hau jirgi a filin Malam Aminu Kano, shi ke nan an rufe littafi. Wallahi ba haka abin yake ba.

Ƙawata ce ta sa na ɗauki biro. Yau shekara biyu ke nan da ɗaurin aurenta, gadonta da jerenta suna nan a kulle a gidan surukanta, mijin kuma yana can. Ba ƙin ta yake ba fa, albashinsa ne bai kai ba. Tun 2012 dokar Ingila ta ce wanda zai ɗauko matarsa sai yana samun fam 18,600 a shekara, a watan Afrilun 2024 kuma aka ɗaga zuwa fam 29,000. Ita ma amaryar, tun 2010 sai ta ci jarrabawar Turanci kafin a ba ta biza. In kuwa yana da uwargida a can, dokar 1988 ta rufe ƙofar kawo ta biyu, ko da sadaki da shaidu sun cika.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne shari'ar 1985. A da, namiji mazaunin Ingila yakan kawo matarsa cikin sauƙi, mace kuwa in za ta kawo mijinta sai an yi ta ja mata rai. Wasu mata uku, Abdulaziz da Cabales da Balkandali, suka ce ba su yarda ba, suka kai ƙara Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai. Kotu ta ce lallai an nuna musu bambanci don suna mata. Kin san me gwamnati ta yi? Maimakon ta sassauta wa mata, sai ta tsananta wa maza su ma! Wai an yi daidai ke nan. Kamar miji ne a ce masa ya yi adalci tsakanin matansa, sai ya hana kowacce cefane.

Daga nan kowa ya shiga tarkon wata ƙa'ida mai ban haushi: sai ma'aurata sun tabbatar wa jami'in biza cewa ba don shiga Ingila aka yi auren ba. Ta yaya mutum zai buɗe zuciyarsa a gani? Sai 1997 aka soke ta.

Ƙawata dai ta ci Turancinta tun bara. Jiya na same ta tana ninke atamfofin lefenta tana sa musu turare kada su yi warin ajiya, wayarta a gefe, tana jiran ya tashi daga aikin dare.