Zaɓen Kamshaf Wajen Ƙara wa Injin Babur Ƙarfi

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar bakanike ya ga an kwance kan injin babur, to ya ga wani ɗan sandan ƙarfe mai tozaye kamar na bijimi, wanda ake kira kamshaf, ko kuma kam a taƙaice. Ƙarfe ne da bai cika ido ba, amma shi ne ke yanke wa inji lokacin da zai shaƙi iska da lokacin da zai fitar da hayaƙi. Saboda haka ne masu son ƙara wa babur ƙarfi, musamman a Amurka da Turai da Japan, suke yawan sauya shi. Wannan maƙala za ta duba yadda ake wannan zaɓi, da dalilin da ya sa mutane da dama kan kashe kuɗinsu su koma gida da babur ɗin da bai kai na da daɗin hawa ba.

Da farko dai ya kamata mai karatu ya san cewa ba kowane babur ke da kam ba. Injuna irin na Suzuki AX100 da tsohuwar Vespa, waɗanda ake haɗa musu fetur da baƙin mai, ba su da shi, domin fistin ne da kansa ke buɗe kafofin shiga da fita. Maganarmu ta shafi inji mai bugu huɗu ne, wanda Bajamushen nan Nikolaus Otto ya ƙera a 1876, wato shaƙa da matsawa da fashewa da fitarwa. Kafin waɗannan huɗu su cika sai karanshaf ya juya sau biyu, digiri 720 ke nan, shi kuwa kam sau ɗaya. A cikin wannan juyi guda ne tozayensa ke tura bawul ɗin shiga da na fita su buɗe, sifirin kuma ya mayar da su.

Abubuwa uku ake dubawa a takardar da ke zuwa da kam. Na farko shi ne nisan ɗagawa, wato iyakar tazarar da bawul zai yi daga mazauninsa. Kamfanin S&S na jihar Wisconsin yakan sa wa kam suna da wannan awo, kamar 510, ma'ana inci 0.510, kimanin milimita 13. Na biyu shi ne tsawon buɗewa, wanda ake ƙirgawa da digirin juyin karanshaf. Alal misali, idan bawul ɗin shiga ya buɗe saura digiri 20 fistin ya kai ƙololuwa, bai rufe ba sai da fistin ya wuce ƙarshen saukarsa da digiri 40, to sai a haɗa 20 da 180 da 40, a sami digiri 240. A nan akwai tarko. Masu yi wa Harley-Davidson kam sukan fara ƙirga ne bayan bawul ya ɗaga inci 0.053, masu na mota a Amurka inci 0.050, a Japan da Turai kuwa galibi milimita 1. Wanda ya gwama lambobin kamfanoni biyu bai duba wannan ba, ya auna gero da mudu biyu mabambanta. Na uku shi ne ɗan lokacin da bawul biyu ke buɗe tare, a ƙarshen fitar hayaƙi da farkon shaƙa, wanda za mu kira tarayya.

A cikin duk waɗannan lambobi, a ganina babu wadda ta kai lokacin rufewar bawul ɗin shiga muhimmanci, kuma ita ce aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Iska tana da nauyi, komai ƙanƙantarsa. Idan inji na gudu sosai, iskar da ke kwararowa ta bututu takan zo da ƙarfin da zai sa ta ci gaba da cusa kanta cikin silinda ko da fistin ya fara hawowa. A irin wannan hali jinkirin rufe bawul riba ne, domin silinda za ta ƙara cika. Amma idan inji na tafiya a hankali, iskar ba ta da wannan ƙarfi, sai fistin ya kore wani kashi nata ta ƙofar da ta shigo. Abin da ya rage a matsa ya ragu, fashewa ta yi rauni, babur ya kasa tashi da kuzari. Haka ma tarayya take. A babban gudu, hayaƙin da ke fita yakan jawo sabuwar iska a bayansa. A ƙaramin gudu kuwa sai hayaƙi ya gauraya da ita, inji ya riƙa cijewa idan babur na tsaye, ɗanyen fetur kuma ya bi ta salansa.

Abin da wannan ke nunawa shi ne, mafi yawan aikin kam matsar da ƙarfi ne daga wani wuri zuwa wani, abin da ya ƙara a sama ya rage shi a ƙasa. Don haka tambayar farko ita ce a wane juyi mai babur ya fi tafiya. Mu ɗauki manyan baburan Harley-Davidson na doguwar tafiya, waɗanda nauyinsu ya haura kilo 350 tun ba a hau ba. Mai irin wannan babur yakan yini tsakanin juyi 2,000 da 4,000 a minti, sau da yawa da goyo da kaya. Kam mai gajeren buɗewa, mai rufewa da wuri, shi ne nasa. Idan ya bi ruɗin babbar lamba ya sa wanda aikinsa ke farawa can kusa da 4,000, sai ya riƙa sauke giya a kowane tudu, garin neman ƙiba ya samo rama. Shi kuwa babur ɗin tsere mai silinda huɗu, wanda ke wuce juyi 14,000, can sama rayuwarsa take, dogon buɗewa bai cutar da shi ba.

Bugu da ƙari, kam ba ya aiki shi kaɗai. Tun da dogon buɗewa na rage matsi, dole a ɗaga matsin injin ta hanyar sauya fistin ko rage kan silinda, in ba haka ba inji ya yi sanyi. Akasin haka kuma, gajeren kam a inji mai babban matsi yakan jawo ƙwanƙwasa, wato fashewar da ba ta bi ƙa'ida ba, musamman da zafin rana ko fetur maras kyau, kuma tana iya huda fistin. Masu Harley sun jera aikin hawa-hawa: a matakin farko a buɗe wa inji hanyar iska da salansa, a daidaita mai, sai a mataki na biyu a zo kan kam. Tsari ne mai ma'ana, domin buɗe ƙofa ba ya amfani idan zauren a toshe yake. Bayan an sa kam kuwa sai an sake daidaita kafireto, ko kwamfutar da ke raba mai a sababbin babura. Wannan ma yana da nasa shari'a, domin a 2016 hukumar kare muhalli ta Amurka ta sa kamfanin Harley-Davidson ya amince da biyan tarar dala miliyan 12 a kan na'urorin sauya lissafin mai da ya sayar, saboda ƙarin hayaƙin da suke haddasawa.

Kuskuren da ya fi tsada yana wajen nisan ɗagawa. Sifirin yana da iyakar matsuwa. Idan zobbansa suka haɗu tun tozo bai gama turawa ba, wani abu zai karye ko ya lanƙwashe. Haka kuma a lokacin tarayya fistin yana sama, bawul biyu kuma sun leƙo ƙasa, tazarar da ke tsakaninsu 'yar milimita ce. Ƙwararrun makanikai sukan manna laka mai danƙo a kan fistin, su ɗaura kan silinda, su juya inji da hannu sau biyu, sannan su kwance su yanka lakar su auna kaurinta. Aikin sa'a guda ne, kuma ya fi sayen sabon inji sauƙi. Su kuwa masu injin Twin Cam, wanda ya fito a 1999, an san na shekarun farko da cinyewar abin matse sarƙar kam, don haka akan duba shi tun da an riga an buɗe wurin.

Injiniyoyi sun daɗe suna neman kuɓuta daga wannan ciniki na sama da ƙasa. A 2018 kamfanin BMW ya fitar da R 1250 GS mai tozaye iri biyu a kan kam ɗin shiga, wanda ke zamewa gefe ya zaɓi ƙarami ko babba gwargwadon buƙata. Amma darasin da ya fi kusa da mu na Honda CG125 ne, wanda ire-irensa na ƙirar Sin suka cika titunan ƙasar Hausa. A 1974 Honda ta tura injiniyoyinta ƙasashe irin su Tailan da Indonesiya da Pakistan, suka tarar ana labta wa babur mutane da kaya, ba a kuma sauya baƙin mai sai ya lalace, abin da ke cinye kam ɗin da ke can saman inji. A 1975 sai suka fito da inji mai kam a ƙasa kusa da mai, tozo ɗaya tak yana aiki da bawul biyu ta sandunan turawa. Wanda ya so sauya kam a irin wannan inji ba zai iya taɓa ɓangaren shiga ya bar na fita ba, duk abin da ya yi wa ɗaya ya yi wa ɗayan. Kuma mai ɗaukar buhun masara daga ƙauye zuwa kasuwa ƙarfin tashi yake buƙata, wanda shi ne abu na farko da dogon kam zai ƙwace masa.